Wata Huɗu da Masu Tallan Intanet: Shaidar Mai Shagon Huluna a Agege

Shagona yana Agege a Legas, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma abin da nake sayarwa bai wuce huluna da shadda da yadi ba, sai ɗinkakkun kaftanai da wani tela maƙwabcina yake haɗa mini. Shekaru da dama cinikin yana tafiya ne bisa sanayya: wanda ya saya ya ji daɗi shi yake kawo ɗan'uwansa, direban tirela da ya sauke kaya a Apapa ya biyo ya ɗauki hula biyu kafin ya kama hanyar Arewa, mahautan Oko-Oba da 'yan gwarin Mile 12 kuma su cika shagon idan Sallah ta gabato. Wannan hanya ba ta mutu ba, amma ta daina ƙaruwa, alhali kuɗin haya da na wuta da na dakon kaya daga Kano da Maiduguri ba su tsaya jiran kowa ba. Shi ya sa, bayan ƙanina ya daɗe yana yi mini naci, na ɗauki wani ƙaramin kamfani da ke Ikeja domin ya riƙa tallata mini kaya a Facebook da Instagram. Na yi wata huɗu tare da su, tun daga wata biyu kafin azumi har zuwa wata guda bayan Ƙaramar Sallah. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai inda zan yaba kuma akwai inda zan kushe, sannan irinsu suna da yawa a Ikeja da Yaba da Lekki, don haka abin da zan faɗa zai amfani mai shirin ɗaukar ko wanne daga cikinsu.

Kuɗin kashi biyu ne, kuma sun bayyana mini haka tun ranar farko, abin da ya sa na fara sakin jiki da su. Akwai ladan aikinsu na wata-wata, wanda ya ƙunshi ɗaukar hoto da bidiyo, da rubuta kalaman talla, da sa ido a kanta, da rahoton mako-mako. Akwai kuma kuɗin tallar kanta, wanda kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, yake karɓa, kuma a kansa ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Mun fara da naira 5,000 a kowace rana. Sun kuma gargaɗe ni da kada in kuskura in biya kuɗin haɓaka wani rubutu daga cikin manhajar wayar iPhone, domin tun 2024 akwai ƙarin kashi 30 cikin ɗari da Apple yake cira a irin wannan biya, alhali idan aka bi ta kwamfuta babu wannan ƙari. Ƙanina ya yi shiru da ya ji haka, saboda ta wayarsa muka yi gwajinmu na farko kafin mu san da su.

Wancan gwaji namu shi ne ma'aunin da nake auna aikinsu da shi. Mun danna maɓallin haɓakawa a ƙarƙashin hoton wata hula, muka zaɓi Najeriya baki ɗaya, muka zuba ido. Mutane da yawa sun danna alamar so, wasu suka rubuta Masha Allah, amma ko hula ɗaya ba ta fita ba. Matashiyar da kamfanin ya haɗa ni da ita ta zaunar da ni ta fahimtar da ni dalili. Tallar Facebook gwanjo ce: duk sa'ad da mutum ya buɗe wayarsa, masu talla da yawa suna takarar wannan gurbi, kuma na'ura tana zaɓar wanda zai samu bisa kuɗin da ya sa, da hasashen ko mutumin zai aikata abin da ake nema, da kuma ingancin tallar. Idan ka gaya wa na'urar kana son masu yabo, masu yabo za ta nemo maka, kuma akwai su birjik. Idan ka ce mata kana son waɗanda za su turo saƙo ta WhatsApp, sai ta koma neman mutanen da suka saba yin haka. Su ba sa amfani da wancan maɓalli ko kaɗan. Ta Ads Manager suke shirya komai, inda ake iya zaɓar manufa da wuri da shekaru da lokaci dalla-dalla.

A rana ta uku na kira ta a fusace, domin kuɗi na fita saƙonni kuma 'yan kaɗan ne. Ta ce, “Alhaji, ka yi haƙuri kada mu taɓa ta tukuna.” Bayaninta shi ne na'urar tana buƙatar sakamako kimanin 50 a cikin mako guda kafin ta gama gane irin mutanen da suka dace da talla, kuma duk babban sauyin da aka yi yana mayar da ita farkon karatu. Na bi maganarta ba don na gamsu ba, sai don na riga na biya. A mako na biyu kuɗin da kowane saƙo yake ci ya sauka ƙwarai, kuma daga nan na daina yi musu gardama a kan abin da ya shafi na'ura. A wannan fanni sun san aikinsu.

Inda ba su sani ba shi ne mu. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a ofishinsu, kuma ba su faɗa mini haka ba sai da abin ya bayyana da kansa. Rubutun farko da suka turo mini in duba an fassara shi ne da na'ura daga Turanci, har ya kira hula da sunan murfi, yana gayyatar jama'a su zo su sayi murfin Sallah. Da a ce ban nemi ganin rubutun kafin a sake shi ba, da na zama abin dariya daga Agege har Alaba Rago. Bayan haka kuma duk hula a wurinsu hula ce, ba su bambanta zanna bukar da damanga ko ƙube, ba su kuma san abin da ya raba aikin hannu da na inji ba, alhali a nan ne farashi yake ninkawa. Sun ɗauki hotuna masu kyau ta fuskar haske da tsari, amma daga nesa, an jera huluna goma kamar kayan ado. Mai sayen hula ba haka yake duba ta ba. Yana juya ta ya ga cikinta, ya bi sahun allura da ido, ya matsa ta ya ji ƙarfinta, ya tambaya ko zaren zai zuba idan aka kai ta wanki. Da na nuna musu haka suka sake zuwa shagon, suka ɗauki bidiyo na daƙiƙa 20 inda hannuna yake juya hula ɗaya tak ina bayani da bakina. Wannan bidiyo, wanda bai ci komai ba sai rabin sa'a, ya fi duk sauran tallace-tallacen kawo ciniki har muka gama wata huɗun. Na yaba musu da ba su yi girman kai ba, amma gaskiya ita ce kalaman Hausar duka ni da ƙanina muka rubuta su, kuma ladan rubutun yana cikin abin da nake biya. Wanda ya ci ladan kuturu ai ya kamata ya yi masa aski.

Akwai wani abu game da neman Hausawa a Legas da ya ba mu wahala mu duka, kuma yana da kyau duk mai shago ya san shi. Facebook yana da tsarin Hausa tun 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya zo Legas ya ziyarci matasan fasaha a Yaba, kuma mai talla yana iya cewa a nuna wa masu Hausa kaɗai. Sai dai yawancinmu wayoyinmu a Turanci suke, ko da mutum ba ya jin Turancin sosai, saboda haka aka sayo wayar kuma haka aka saba da ita. Da suka zaɓi harshen Hausa sai adadin mutanen ya tsuke, talla ta riƙa komawa kan mutanen da suka riga suka gan ta. Dabarar da ta yi aiki daga baya tasu ce: suka cire sharaɗin harshe, suka zana da'ira ta 'yan kilomitoci a kan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, suka bar muryar Hausar da ke cikin bidiyon ta yi tankaɗe da rairaya da kanta. Wanda ya ji sallama da Hausa a daƙiƙar farko zai tsaya, wanda bai ji ba zai wuce, na'urar kuma tana lura da masu tsayawa.

A nan ne kuma suka buɗe mini wata ƙofa da ban taɓa kallo da muhimmanci ba. Sun nace a yi wata talla ta daban da Turanci da ɗan gaisuwar Yarabanci, a nufi Surulere da Yaba da Ikeja da Lekki. Na yi ta ja, ina ganin ɓarnar kuɗi ce. Sai ga angwaye da abokansu suna neman hula takwas ko goma iri ɗaya domin anko, ga ma'aikatan ofis masu sa kaftani ranar Juma'a, kuma waɗannan ba sa tsayawa dogon tayi kamar 'yan'uwana da suka san farashin Kantin Kwari. Ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana zaune a tsakiyar Yarabawa bai kamata sai wani ya nuna masa wannan ba, amma haka ta faru.

Wani abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne sun ƙi ɗauko hotunan wasu daga intanet su liƙa sunana a kai, kamar yadda na ga wasu shafuka suna yi. Sun ce ban da kasancewarsa yaudarar mai saye, hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON domin kula da harkar talla, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallace-tallacen da ake nufin Najeriya da su tun 1 ga Oktoban 2022. Yaron shagona da telan maƙwabcina su suka zama masu nuna kaya.

Batun lokaci ya sake nuna cewa sanin na'ura daban, sanin mutane daban. Jadawalinsu ya tara yawancin kuɗin a goman ƙarshe na azumi, kamar yadda suka saba yi wa abokan hulɗarsu a makon Kirsimeti. Na gaya musu cewa tela mai mutunci yana rufe littafin karɓar ɗinki tun tsakiyar azumi, don haka wanda bai sayi shaddarsa a Sha'aban ko goman farko ba ya makara, sannan da yawa daga cikin mutanenmu suna kama hanyar gida kwanaki kafin Sallah, suna son kayansu a hannu kafin su hau mota. Hula ce kaɗai ake saye har daren jajibiri. Haka nan da rana mai azumi ba ya cikin yanayin ciniki. Wayoyi suna raye ne bayan an sha ruwa an idar da asham, da kuma bayan sahur kafin a koma barci. Sun sauya jadawalin, muka tura shadda da yadi da wuri, muka bar huluna na ƙarshe. Wannan ya rage mana kuɗi ta wata fuskar ma, domin da yake gwanjo ne, gurbin talla yana tsada a kwanakin da kowa yake rububinsa.

Abin da ban shirya masa ba, kuma su ma ba su jaddada mini shi yadda ya kamata ba, shi ne nauyin da ke biyo bayan talla. Ita iyakarta ta kawo mutum bakin WhatsApp ɗinka ya rubuta “nawa ne”, daga nan sauran aikin naka ne. Sun ɗora mini WhatsApp Business, suka jera kayan da farashinsu a kundin da ke cikinsa, suka shirya amsoshin da ake turawa da dannawa ɗaya, suka koya wa yarona yi wa kowace hira alama, wannan ya biya, wannan yana jira, wannan an aika masa. Duk da haka, wanda aka bari sa'a biyu ba amsa ya riga ya tafi wani shafin. A makonnin farko na yi asarar masu saye da dama ina tsaye ina fama da na gabana a shago, sai da na ware wa yaron waya da data, na ce wannan ne aikinsa daga la'asar zuwa dare.

Sai kuma amana, wadda ita ce ainihin cikas a cinikin da ba a ga juna ba. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, ni kuma ina tsoron alat na bogi ko mutumin da zai sa a kai masa kaya ya kashe waya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, amma bai cire wa kowa wannan tsoro ba. Shawararsu ta cewa in yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC in buɗe asusun banki da sunan shagon ta taimaka sosai, haka ma sanya shagon a taswirar Google, wanda kyauta ne, domin mutum ya ga akwai wuri na gaske da zai iya zuwa ya same ni. Kai kaya kuwa Legas ce da kanta. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa a Yunin 2022, dole sai ta hannun masu baburan kai saƙo, kuma daga Agege zuwa Ajah, a haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 sannan a shiga cunkoson Lekki, kuɗin aike yana iya kusantar kuɗin hular inji. Kamfanin bai yi wannan lissafi ba lokacin da ya faɗaɗa da'irar talla zuwa can, sai da na ga mutane suna fasa ciniki da zarar sun ji kuɗin aike. Muka bar wa wancan yanki huluna masu tsada da odar anko kawai. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara jigila a 2024 ya sauƙaƙa wani ɓangare, domin yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, kuma yarona yakan haɗu da mai saye a tasha. Huluna da aka dawo da su saboda sun yi kaɗan ko sun yi yawa su ma sun ragu bayan mun yi ɗan bidiyon da ke nuna yadda mutum zai zagaya kansa da tef ɗin tela ya faɗi lambarsa, 22 ce ko 22 da rabi ko 23.

Ƙorafina mafi girma a kansu ya shafi mallaka. Sai a wata na biyu na gano cewa daga asusun tallarsu suke gudanar da komai, ba daga nawa ba, ma'ana duk abin da na'urar ta koya game da masu sayen kayana da kuɗina, da tarihin abin da aka kashe, yana hannunsu, kuma ranar da muka rabu zan tashi hannu rabbana. Ban ce sun yi haka da mugun nufi ba, domin ya fi musu sauƙin aiki, amma abu ne da ya kamata a faɗa wa mutum kafin ya sa hannu. Sai da na matsa kafin aka buɗe asusu da sunan shagon, ni ne mai cikakken iko da shi da shafukan, su kuma na ba su izinin aiki. Wannan sauyi ya mayar da na'urar farkon karatu, muka yi asarar kusan mako guda. Rahotonsu na mako-mako shi ma bai gamsar da ni ba: shafuka ne na Turanci cike da yawan waɗanda talla ta kai gare su da yawan waɗanda suka kalla, lambobi manya masu faranta rai, amma babu inda aka rubuta hula nawa aka sayar. Na sayi littafi na riƙa tambayar duk wanda ya biya inda ya gan mu, kuma da wannan littafi nake yi musu hisabi. A tsakiyar azumi kuma matashiyar da ta san harkata ta bar aiki, wanda ya gaje ta ya ɗauki kwanaki kafin ya kama zaren, har aka bar tallar wata zanna bukar da ta ƙare tana ta cin kuɗi kwana biyu, mutane suna tambaya ina ba su haƙuri.

Sun yi ƙoƙarin sayar mini da ƙarin tsari na TikTok da biyan masu tarin mabiya su sa hulata. Na ce a dakata.

Abin da na ɗauka da kaina, ba daga gare su ba, shi ne tara lambobin masu saye da yardarsu. Duk wanda yake kasuwanci a Twitter lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya san cewa shafi aro ne. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, don haka yanzu duk wanda ya karɓi kayansa muna roƙonsa ya adana ta. Waɗannan mutane suna ganin sababbin kaya a status ba tare da na biya ko kwabo ba, kuma a wata na huɗu, da kasuwa ta yi sanyi kamar yadda take yi bayan kowace Sallah, su ne suka riƙe cinikin.

Idan aka zo lissafi, watan farko asara ce, na biyu ya mayar da kuɗinsa da ƙyar, watan azumi ya biya duka har da riba mai kauri, na huɗu kuma ya tashi babu yabo babu fallasa. Ina ganin irin wannan kamfani ya dace da mai kayan da ribar kowane guda take da ɗan nauyi, wanda yake da kaya a ƙasa da mutumin da zai zauna a kan waya. Mai ƙaramin jari da ribarsa ba ta wuce ɗari biyu ko uku a kan kaya ba, ladan wata-wata kaɗai zai cinye shi, gara ya fara da WhatsApp Business da taswirar Google ya koyi sauran a hankali. Wanda kuma zai ɗauke su, ya nemi sunayen shafukan da suke yi wa aiki ya duba su a Meta Ad Library, inda kowa yake iya ganin tallace-tallacen da kowane shafi yake gudanarwa a lokacin, sannan ya tambaye su kai tsaye wane ne zai rubuta Hausar.

Na sabunta yarjejeniya da su na wata uku, bisa sharaɗin cewa asusu yana hannuna, babu rubutun da zai fita sai na gani, an rage ladan da ya shafi rubutu tun da mu muke yi, kuma rahoto zai fara da adadin saƙonni da na ciniki kafin komai. Sun amince da uku nan take, na ragin kuɗin kuma sai da muka yi zama biyu. Ranar Asabar mai ɗaukar hotonsu zai zo shago da safe kafin rana ta yi zafi, domin sababbin huluna sun iso daga Maiduguri kuma muna son bidiyon Babbar Sallah ya fita tun kafin maniyyata su fara tashi.